Ƙwarewa, himma da sanin kai a aikin jinya: tambayoyi da amsoshi daga Maraɗi

Na tattaro waɗannan tambayoyi ne daga bakin ɗaliban makarantun kiwon lafiya da ke zuwa koyon aiki a asibitocin Maraɗi, da sababbin ma'aikatan da aka tura CSI, wato cibiyoyin kiwon lafiya, na karkara, da wasu daga cikin shugabanninsu. Ɗaya daga wata mai jinya ta fito. Na bar su kusan yadda aka yi mani su.

Na samu difloma, na iya neman jijiya, na iya sa ƙarin ruwa. Me kuma ya rage?

Hannu shi ne farko, ƴar uwa, babu musu. Wanda bai iya samun jijiyar yaron da gudawa ta tsotse ba, kyan zuciyarsa ba zai sa ruwa ya shiga ba.

Amma ki duba wannan. Duk wanda ya bi ta makarantunmu ya haddace ƙa'idar PCIME, wato tsarin duba yaro mara lafiya: yaro daga wata 2 zuwa wata 11, in numfashinsa ya kai 50 a minti ɗaya, ya yi sauri, daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40 ce iyaka. Ba a faɗuwa wannan tambaya ranar jarrabawa. To ranar Litinin ta watan Satumba, mata sun cika rumfa har wasu na tsaye cikin rana, yaro yana tsala kuka, mutum nawa ne ke ɗaga masa riga, ya jira ya lafa, ya ƙirga minti guda cur? Da gwajin jini ya nuna masassarar cizon sauro, sai a rubuta magani a kira na gaba, alhali yaro na iya zuwa da masassara da ciwon huhu a tare. Wadda ta ƙirga da wadda ba ta ƙirga ba iliminsu ɗaya. Ta farkon hankalinta yana kan yaron, kuma ta san cewa gaggawa na son ta ja ta. Ta biyun jikinta ne ke ɗakin.

A 1984 wata malamar jinya ƴar Amurka, Patricia Benner, ta kasa girman ma'aikacin jinya mataki biyar, daga sabon shiga mai bin takarda layi-layi zuwa gwanin da yake shiga ɗaki ya ce "wancan yaron bai yi mani ba" tun kafin a auna komai. Daɗewa kaɗai ba ta hawar da mutum wannan tsani. Ana hawa ne in mutum yana komawa kan abin da ya faru a hannunsa yana tambayar kansa me ya gani, me ya wuce shi.

Himmar nan da ake ta faɗa, ba zuwa aiki da wuri ba ce?

Zuwa da wuri yana da kyau, amma akwai mai zuwa tun ƙarfe bakwai da rabi ya wuni yana duban agogo. Masu binciken jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Wilmar Schaufeli da Arnold Bakker, su ne suka tsara ma'aunin himmar aiki da aka fi amfani da shi a duniya, a farkon shekarun 2000. Dogon yana da tambayoyi 17, gajeren 9, kuma abu uku yake nema: kuzari, wato kana da ƙarfin da za ka sa a aikin kuma ba ka karaya da wuri, ɗaukar aikin da daraja har kana alfahari da shi, da nutsuwa a cikinsa har lokaci ya wuce ba ka sani ba.

In kana son ka ga himma da idonka, je sashen CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, da tsakar dare a watan Janairu. Yaro mai tamowa a kwanakin farko ana ba shi madarar F-75 kowane awa biyu ko uku, har da dare, domin sukarin jininsa da ɗumin jikinsa suna faɗuwa ba tare da ya yi kuka ba. Babu babban likita a wurin, babu mai sa ido. Ma'aikacin da ya tashi ya zagaya, ya tayar da uwar da barci ya kwashe, ya taɓa ƙafar yaron ya ji ta yi sanyi ya ce a rungume shi a ƙirji a lulluɓe, wannan shi ne. Ba wata dabara mai wuya a ciki. Ɗan shekarar farko a makaranta ma ya iya.

Shi kuma sanin kai fa? Wa bai san kansa ba?

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kowannenmu zai iya lissafa maka halin abokin aikinsa daki-daki, wa ke da saurin fushi, wa ke da ganda, wa ke tsoron jini. In aka juyo da tambayar kansa sai baki ya yi nauyi.

A bakin aiki, sanin kai abu ne na zahiri. Ka san abin da ka iya da wanda kake yi bisa sa'a. Ka san irin mutumin da ke tunzura ka: wani maigidan da ya zo da ɗaga murya ne, wata kuma matar da ake tambaya ta yi shiru ce. Ka san halin da ka shigo da shi yau, ko ka baro rigima a gida, ko albashi bai shigo ba, ko azumi ne cikin zafin Afrilu kuma kai bayan azahar lissafinka yana rauni. Na ƙarshe ya fi wuya: ka san yadda fuskarka da muryarka ke isa ga mutane. Ma'aikata da dama da ake jin tsoronsu a gari ba su san ana jin tsoronsu ba. A ganinsu sauri kawai suke yi.

Wanne ke haifar da wanne: ƙwarewa ce ke kawo himma, ko himma ce ke kawo ƙwarewa?

Binciken da aka yi a ƙasashe daban-daban yakan samu abubuwan suna tafiya tare, mai jin ya ƙware yakan fi himma. Sai dai mafi yawansa takardar tambayoyi ce da aka raba sau ɗaya, kowa ya ba kansa maki, don haka abin da yake nunawa tafiya tare ne kawai, ba wanda ya haifi wani ba. Ga kuma matsalar da David Dunning da Justin Kruger suka nuna a 1999: waɗanda suka fi rauni a wani fanni su ne suka fi zuzuta iyawarsu a cikinsa, domin ilimin da za su gane kuskuren da shi shi ne ba su da shi.

A ganina zagaye ne. Wanda ya iya aiki ba ya fargabar mara lafiya mai tsanani, sai ya matso kusa. Matsowar ke sa ya ga abin da wasu ba su gani ba, ya ƙara iyawa. Wanda bai iya ba, kuma yana kunyar a gane, zai riƙa kaucewa, ya fake da cika rajista, ya tura ɗalibi. Ana ce masa malalaci, alhali tsoro ne. Sanin kai ne ƙofar fita, domin sai ya yarda a ransa cewa bai iya ba kafin ya ce "Malama, nuna mani."

Da damina aiki yana fin ƙarfinmu. Ba rainin hankali ba ne a ce mu ƙara himma?

In da haka kawai aka ce, rainin hankali ne, kuma ba zan kare mai faɗinsa ba.

Kowa ya san yadda shekara take a nan. Daga Yuli zuwa Oktoba masassara da tamowa suke haɗuwa, a daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma iyaye suna gona. A cikin watannin ne kuma ake fita rabon maganin rigakafin masassara na CPS gida-gida ga yara daga wata 3 zuwa 59, kuma ma'aikatan cibiya ɗin nan dai su ke sa ido a kai. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum sama da miliyan 3, ga waɗanda ke tsallako iyaka ta Ɗan Isa neman magani, ga ƴan gudun hijirar da suka shigo yankin Gidan Rumji tun 2019. Manyanmu sun ga 2005, lokacin da sunan Maraɗi ya zagaya duniya saboda yara masu tamowa, na baya kuma sun ga kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a 2018. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, mutane suka ƙaru, wanda alheri ne, amma jinkirin mayar wa cibiyoyi kuɗinsu ya sha barin kantar magani fayau. Wanda ke gaban uwar yaron, shi ke shan zagin.

Yawan aiki yana da lissafi. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta sun fitar da binciken da suka yi a asibitoci 168 a jihar Pensilbaniya ta Amurka, suka samu cewa duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa ma'aikacin jinya, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, haɗarin ma'aikacin ya ƙone da gajiya kuma da kashi 23. Can kenan, inda ake maganar mutum huɗu zuwa takwas a hannun ma'aikaci ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2020 ta ce duniya tana da giɓin ma'aikatan jinya miliyan 5.9, mafi yawansa a ƙasashe irin namu.

Masanan Holan da na ambata suna da wani bayani da ya dace da mu. Suka ce aiki yana da abin da yake ɗauka daga mutum, yana kuma da abin da yake ba shi: kayan aiki, shugaba mai saurare, abokan aiki masu kama maka, damar ƙaro ilimi, a ce maka sannu. Nauyi shi ke kawo gajiya, amma himma daga ɓangare na biyu take fitowa. Rijiyar da ake ta ja ba a yashe ta, ranar da guga ya fito da laka ba laifin ruwa ba ne. Saboda haka kason hukuma da shugabanni a wannan magana ya fi na ma'aikaci girma.

Kason da ya rage a hannunka ƙarami ne, amma da shi ake tsirar da rai. Kafin ka zauna, bi layin nan da ido da hannu: yaron da ba ya iya shan nono, mai amayar da komai, mai jijjiga, wanda ya yi laushi ba ya farkawa, a cire su a shigar da su gaba ko da yanzu suka iso. Ka sake zagayawa bayan awa ɗaya, domin wanda ke zaune lafiya da safe yana iya juyewa kafin hantsi.

Uwa ta kawo yaro a makare, an cire masa beli, an ɗura masa jiƙo. Raina yana ɓaci har in yi mata faɗa. Laifi ne?

Ɓacin ran ba laifi ba ne, alama ce yaron ya dame ki. Abin dubawa shi ne inda faɗan yake sauka.

Matar nan da ke gabanki, a mafi yawan lokuta ba ita ta yanke shawarar zuwa wurin wanzami ba, kuma ba ita ke riƙe da kuɗin kabu-kabu ba. Ta jira maigida ya dawo daga gona ko daga ci-rani, ta jira uwar miji ta yarda. In ɗan fari ne, kunya ma ba za ta bar ta ta nuna damuwa a gaban mutane ba, sai ki ga kamar ko a jikinta, kaka ce ke ba da amsa. Da kin ɗaga murya, abu biyu ke faruwa. Na farko, bakinta ya rufe: ba za ta ƙara gaya maki abin da aka ba yaron ba, ke kuwa kina buƙatar sani. Na biyu, ta koma gari ta ba da labari, kuma yaro na gaba sai ya fi wannan makara.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da sakamakon binciken da aka yi a cibiyoyin lafiya na manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da aka gani ya yi kama a ko'ina: ba gaisuwa, ba bayani, wanda ba shi da sanayya ba a kallon fuskarsa. Karanta shi yana da ɗaci ga mai farar riga.

Ga abin da nake gaya wa ɗalibai. Ki koyi gane alamar fushinki kafin ya kai baki. Wata ƙirjinta ke zafi, wata muryarta ke sirancewa. Da kin ji ta, mayar da hannu kan yaron, ki yi aikin gaggawa tukuna. Tambaya kuma a canza mata fuska. Maimakon "Me ya hana ki zuwa tun tuni?", ki ce "Sannu Inna, kun sha hanya. Kafin ku zo me aka samu aka ba shi?" Maganar beli tana nan, za a yi ta, amma bayan yaro ya farfaɗo, kuma a gaban kaka da maigida, tunda su ne masu yanke hukunci. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma a nan ita ce ke fito maki da labarin ciwon.

Yaya zan gane gajiyata ta wuce ta yau da kullum?

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙonewa da gajiyar aiki cikin kundinta a matsayin matsalar da aiki ke haifarwa, ta ba ta alamomi uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta ja baya daga aikin, kuma mutum yana jin aikinsa ba ya haifar da komai. Ta tsakiyar ce ta fi ɓuya. Ka fara kiran mutane da lambar gado. Yaro ya rasu a hannunka ka ji ba ka ji komai ba, abin da ya dame ka takardar da za ka cika. Ka yi hutun kwana biyu ka dawo kamar ba ka je ba.

Mu nan da an yi ƙorafi sai a ce "haƙuri, aikin lada ne." Gaskiya ne aikin lada ne. Amma haƙuri ba ya maye gurbin barci. Wani bincike a Ostareliya a 1997 ya nuna cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, raunin hankalinsa ya yi daidai da na wanda barasa ta kai ma'aunin da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi da shi. Wanda ya kwana aikin dare sannan ya wuce wani asibitin kuɗi da safe don cike giɓin albashi, ya sa wannan a lissafi. Ka gaya wa majo, wato shugaban cibiya, ka nemi a sauya maka sashe na ɗan lokaci, ka samu abokin aiki ɗaya da za ka iya buɗe wa ciki. In barci ya ƙaurace, ko tunanin cutar da kai ya fara zuwa, wannan na ganin likita ne, ba na jurewa ba.

In na yi kuskure a magani, in faɗa ko in yi shiru?

Ka faɗa, kuma nan take, domin yawancin kura-kurai ana iya tare su in an sani da wuri. Ɗauki allurar artesunate ta masassarar cizon sauro mai tsanani: yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya wuce haka 2.4, a awa 0, 12 da 24. Ko ƙarin ruwa ga yaro mai tamowa mai tsanani, wanda in aka sake shi da gudu kamar na sauran yara zai iya fin ƙarfin zuciyarsa. Wanda ya gane ya zarce ya yi magana, an rage ruwa, an sa ido. Wanda ya yi shiru ya bar na bayansa cikin duhu.

Akwai binciken da aka yi a asibitoci biyu na Ostareliya, wanda aka fitar a 2010, aka ga duk katsewa ɗaya da aka yi wa ma'aikaci yana haɗa magani tana ƙara yiwuwar kuskure da kusan kashi 12 cikin 100. Waya a aljihu, gaisuwar da ba ta ƙarewa, mai jinya yana jan riga. In ka san kai mai saurin rarrabuwar hankali ne, juya baya ka gama lissafi, ka ce wa abokin aiki ya sake dubawa.

Ni majo ne. Me zan yi wa ma'aikatana ba tare da kuɗi ba?

Ranka ya daɗe, abu na farko yana wurinka: yadda kake karɓar labarin kuskure. In wanda ya faɗa ya sha tsawa a gaban marasa lafiya, ka rufe wannan ƙofa har ka bar wurin. Gyara a keɓe, yabo a fili, kuma yabon ya ambaci abin da aka yi: "Yadda kika gane yaron nan a layi jiya, shi ya tsirar da shi."

Ware minti ashirin a sati a zauna kan mara lafiya ɗaya, musamman wanda aka tura gaba ko aka rasa. Me ya faru, me kowa ya gani, me za a sauya. Fara da naka bakin, kada ka zama alƙali. Jadawalin aikin dare ya zama a bango kowa na gani. Horon da ake biyan kuɗin zama, wanda kowa ya san shi ne ke haddasa gaba a cibiyoyinmu, a riƙa zagayawa da shi, wanda ya je kuma ya dawo ya koyar. Ƴan sa-kai da ƴan kwantaragi, waɗanda sau da yawa su ke ɗauke da rabin aikin, a kira su zaman nan kamar kowa.

Dangi da ƴan unguwa suna zuwa suna son in shigar da su gaba. Yaya zan yi?

A Maraɗi ba za ka rabu da wannan ba, kowa ɗan uwan wani ne. Fito ka gaishe su da kyau, ka gaya masu akwai yaro a hannunka da ba zai iya jira ba. Mafi yawa suna fahimta in an girmama su. Abin da za ka lura da shi a kanka shi ne bambancin muryar da kake yi wa Alhaji da wadda kake yi wa baƙuwar da ta sauko daga amalanke.

Ni kaɗai ce a ƙaramar cibiya, nesa da gari. Wa zai nuna mani kuskurena?

Ki ajiye ƙaramin littafi, ba rajista ba, naki na kanki, babu sunan kowa a ciki. Layi uku a rana sun isa: abin da ya ba ki wuya, abin da kika yi, abin da za ki tambaya. Duk wanda kika tura CSI ko asibitin gunduma, ki bi sawu ki ji me aka samu, domin nan ne za ki san ko idonki ya faɗa daidai. In masu zagayen sa ido sun zo, kada ki bari su tsaya a kan takardu. Ki roƙi ɗayansu ya zauna ya kalli yadda kike duba yaro biyu ko uku. Matar da ke share cibiyar da ungozomar gari ma sun san abin da ake faɗa a kanki a bakin rijiya, kuma za su gaya maki in sun tabbata ba za ki riƙe su da shi ba.

Ni mai jinya ce, ba ma'aikaciya ba. In na ga kamar ba a kula da ɗana, me zan yi?

Hajiya, ki yi magana, kina da haƙƙi. Faɗi abin da idonki ya gani: "Ya daina shan nono tun azahar," ko "Numfashinsa ya canza," ko "Ruwan ya daina ɗiga." Irin wannan magana tana tayar da ma'aikaci fiye da "ku zo ku duba shi." Ki faɗi duk abin da aka ba yaron a gida, na kanti da na gargajiya, ko da kina tsoron faɗa. In kin ga yana ƙirga digo ko yana zuƙo magani a sirinji, ki ɗan dakata ya gama, sai fa in yaron na jijjiga ko numfashi na sarƙewa, wannan ba jira. In kin faɗa sau biyu ba a zo ba, nemi shugaban sashen, ko majo in a CSI kike.